Ina riƙe taron mutum dubu, amma 'yan aji biyu na sa ni rawar jiki

Tambaya:

Assalamu alaikum, Baba. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, na karanta lissafi a jami'a. Tun ina sakandare ni ke wakiltar makarantarmu a gasar muhawara, yanzu kuma a unguwarmu in dai taro ne ni ake nema: walimar aure, saukar Alƙur'ani, taron ƙungiyar matasa. Na tsaya gaban hakimi da ɗan majalisa, fili cike maƙil da jama'a, ko ɗar ban ji ba. To a farkon wannan shekarar karatu na samu aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare, aka ba ni lissafi a aji biyu, azuzuwa uku, kowane aji yara sun haura 70. Wallahi Baba tun daga nan na rasa gane kaina. Daren Lahadi ba na barci. Da an kaɗa ƙararrawa gabana sai ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Ina bayani iya ƙarfina, in ce kun gane, su ce e, amma da na yi musu gwaji fiye da rabi suka faɗi. Ran nan wata yarinya ta tambaye ni me ya sa mainos sau mainos ke ba da fulos, na tsaya ina in-ina, na ce haka dokar take, na baya suka kwashe da dariya, ga firinsifal yana wucewa ta bakin taga a daidai lokacin. Kafin a tashi kullum muryata ta dashe. Abokaina na yi mini tsiya, wai sarkin lasifika na tsoron yara. Mahaifiyata ta ce ko baki ne ya kama ni. Ni kuwa na fara tunanin ko ba a halicce ni don koyarwa ba. In ajiye aikin ne?

Malamin Dole, daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana Malam. Bari in fara da maganar Hajiya, don na san ita ce za ka riƙa ji kullum a gida. Addu'a ba ta yawa, ka bar ta ta yi maka, kai ma ka riƙe azkar ɗinka safe da yamma. Amma abin da ka kwatanta ba sai an nemo maƙiyi kafin a gane kansa ba. Shiga ɗakin malaman makarantarku, ka samu wanda ya daɗe yana shan ƙurar alli, ka tambaye shi yadda zangonsa na farko ya kasance. In mai gaskiya ne, labarinka za ka ji daga bakinsa.

Abokanka sun ga mutum a tsaye yana magana a filin walima, sun ga mutum a tsaye yana magana a gaban allo, sai suka ce ai aiki ɗaya ne. Kai ma da wannan zaton ka shiga aji, kuma daga nan damuwar ta samo asali.

Duba su wa ke zaune a gabanka ranar walima. Manya ne, da ƙafarsu suka zo, sun ci ado, sun san akwai abinci a gaba. Suna da kara da kawaici. Ko ka gundure su, iyaka mutum ya sunkuya kan wayarsa, da ka gama ya tafa maka. Ka yi minti ashirin ko talatin, ka miƙa makirufo, an wuce wurin. Babu wanda zai tare hakimi a bakin mota ya ce, ranka ya daɗe, kawo mana abubuwa uku da mai gabatarwa ya faɗa. Ko kowa ya manta da kalamanka kafin ya isa gida, an gama yaba maka, domin abin da ya fito daga bakinka aka auna, shi kuwa yana hannunka. A aji ba abin da ka faɗa ake aunawa ba. Abin da ya zauna a kan yaro ake dubawa, kan yaron nan kuwa ba naka ba ne. Bai zaɓi zuwa ba, turo shi aka yi. Wani bai karya ba, wata sai da ta yi ɗiban ruwa ko ta kai tallan koko kafin ta sa kayan makaranta, su huɗu sun matsu a bencin mutum biyu, kwano ya ɗau zafi, ga shi darasin da Turanci ne alhali da Hausa suke tunani. Ɗan shekara goma sha uku kuma bai san kawaici ba tukuna. In ka gundure shi hamma zai yi maka ido da ido.

Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam ke amfani da shi in suna son su tayar wa mutum hankali a ɗakin bincike don su auna abin da ke faruwa a jikinsa. A Jami'ar Trier ta Jamus aka tsara shi, Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa suka wallafa shi a 1993. Za a ba mutum ɗan lokaci ya shirya, sai a tsayar da shi gaban alƙalai masu fararen riguna ya yi jawabi na minti biyar. An riga an horar da alƙalan nan kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai, su dai zuba masa ido. Da ya gama, ba zato ba tsammani, sai a ce ya fara daga 1022 yana ɗebe 13 da baki har ƙasa, duk inda ya yi kuskure a ce koma farko. Ana ɗibar yawunsa ana auna kotizol, sinadarin da jiki ke saki in an shiga matsi, kuma a yawancin mutane yakan tashi sosai. Ka lura da kayan da aka haɗa: magana a tsaye, lissafi a bainar jama'a, fuskokin da ba sa nuna maka ko kana kan hanya, da kuskuren da kowa zai gani. Abin da aka ƙirƙira musamman don a firgita lafiyayyen mutum na minti goma, kai shi ne aikinka na safe. Daga baya, a 2004, Sally Dickerson da Margaret Kemeny suka tattara bincike 208 irin wannan, suka ga cewa abu biyu ne in sun haɗu suka fi tayar da kotizol: mutum ya ji ana auna shi, kuma ya ji sakamakon ba a hannunsa yake ba. A filin taro na farkon kaɗai ke kanka, shi ma ka saba da shi tun zamanin muhawara. A aji duka biyun sun haɗu. Don haka tafin hannunka da ke jiƙewa ba shaidar ragwanci ba ne, jikinka ya karanta halin da yake ciki daidai.

Sai kuma maganar gobe. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai jawabi baƙo ne: ya sauka, ya burge, rana ta yi ya ɓace. In barkwancinka bai ci ba a walimar Asabar, mako mai zuwa wasu mutane ne daban, har ma ka iya sake gwada musu shi. Malami kuwa ɗan gari ne. Yaran da suka ga ka yi in-ina ranar Talata su ne za ka tarar ranar Laraba, ba su manta ba, wataƙila ma sun raɗa maka suna. Alƙawarin da ka yi ba ka cika ba, da barazanar da ka yi ba ka aiwatar ba, duk suna rubuce a ransu. Wannan ne ke hana ka barci daren Lahadi. Sai dai abin na da fuska biyu, domin yadda suke riƙe tuntuɓenka haka suke riƙe ranar da ka dawo ka gyara, mai jawabi kuwa ba shi da wannan damar.

Ga kuma yawan abin da ke gudana lokaci guda. Wani manazarci a Amurka, Philip Jackson, ya zauna a azuzuwan firamare yana lura, a 1968 ya ce malami kan yi mu'amala da yara har kusan sau dubu a rana ɗaya. Ɗauki minti guda daga ajinka. Kana rubutu a allo ka ba su baya, kana ƙoƙarin kada ka ɓata alamar lissafi. Wani ya yi sallama daga ƙofa ya makara. Wata ta ce Malam an ɗauke mini biro. A kusurwar hagu an fara ƙus-ƙus. Allin ya karye. Monita ya leƙo daga wani aji wai a ara musu dasta. Kowanne sai ka yanke masa hukunci nan take, in tanka ko in ƙyale, kuma duk hukuncin da ka yanke idanu 70 na kallo suna koyon iyakarka. Mai makirufo zare ɗaya yake ja daga farko zuwa ƙarshe. Manufar ilimi ta ƙasa ma cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 zuwa 40. Kai kana ɗauke da kusan ninki biyu. In kowane aji na da darasin lissafi biyar a mako, darasi 15 ke nan, a minti 40 kowanne awa goma cur. Wane mai gabatar da taro ne ke awa goma a mako a kan dandamali, mako bayan mako, da sabon zance kullum?

Yanzu ga inda zan ɗan taka ka, ka yi haƙuri. Baiwar bakin nan taka ita ce ke ƙara maka nauyi. Malamin da ba shi da zalaƙa tun ranar farko yake neman dabara: ya ba da aiki, ya fito da yaro gaban allo, ya zagaya. Kai kuwa da ka ga aji ya fara kuɓuce maka sai ka koma ga makamin da bai taɓa ba ka kunya ba, ka ƙara murya, ka ƙara bayani, ka ƙara misali. Minti 40 kana wasan mutum ɗaya, su suna kallo. Shi ya sa muryarka ke dashewa, shi ya sa kuma suka faɗi gwaji. Bayani mai daɗi na sa mai sauraro ya ji kamar ya gane, alhali jin daɗin sauraro ne kawai. Lissafi kuwa sai hannu ya yi shi.

Kalmar nan "kun gane?" ka yi mata ritaya. Ba a taɓa yin ajin da ya amsa da a'a ba. "Eee Malam!" ɗin da suke rerawa gaisuwa ce, ba rahoto ba. In kana son sanin gaskiya, rubuta tambaya ɗaya a allo, misali rabi a tara da sulusi, ka ce kowa ya yi a littafinsa, minti biyu, kai kuma ka ajiye alli ka shiga tsakanin bencina kana leƙawa. Kafin ka kai bango na baya ka ga mutum goma sha da suka rubuta biyu bisa biyar, sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. To ka samu darasinka na yau, kuma ka same shi tun kafin ranar gwaji. Koma allo ka tambaye su: wanda ke da rabin lemo aka ƙara masa wani abu, zai koma da ƙasa da rabi? Biyu bisa biyar ai bai kai rabi ba. Bar su su yi gardama a kai. Wannan hayaniyar ta halal ce.

Ka raba minti 40 ɗin nan yadda bakinka ba zai ci fiye da sulusinsa ba. Tun kafin ka yi sallama ka san tambayoyi uku na darasin jiya da za ka rubuta a allo, su fara yi kana kiran rajista. Wannan kaɗai na kashe rabin rikicin farkon darasi, kuma yana ba zuciyarka minti biyar ta sauka, domin faɗuwar gaban ta fi tsanani a mintocin farko. Sai bayani gajere da misali ɗaya da ka yi a allo, misali na biyu ku yi tare, na uku su yi su kaɗai. Ba wani sabon abu ba ne. Je ka tsaya a makarantar allo ta unguwarku da hantsi. Alaramma ba ya lacca. Kowane almajiri na kan allonsa, malam na biya wa ɗaya bayan ɗaya, gardawa na biya wa ƙanana, da haka mutum guda ke riƙe yara masu yawan gaske. Ɗauki wannan tsarin, ka bar musu dorinar. A kowane aji akwai yara shida ko bakwai da ke riga kowa ganewa. Rarraba su layi-layi, wanda ya gama ya duba na kusa da shi. Su ma karatunsu zai ƙara zama.

Wani abu kuma da mai makirufo ya tsana shi ne shiru. A filin taro in aka yi shiru na daƙiƙa uku an fara kallon-kallo, sai ka yi maza ka cike gurbin. A aji shirun nan kayan aiki ne. Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta ɗauki sautin darussa masu yawa, a farkon shekarun 1970 ta nuna cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya tak bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka ga wani yaro. Da aka koya musu su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ya ragu. Naka yaran ma sai sun juya tambayar zuwa Hausa a ransu, su nemo amsa, su sake juya ta zuwa Turanci, don haka sun fi buƙatar jiran. Yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci, sannan ka kira suna. Ranar farko za ka ji kamar shekara. Kuma in ka ga an cije, kada ka ji kunyar warware abu da Hausa ka dawo da shi Turanci. Jarrabawa da Turanci za su rubuta, gaskiya ne, amma abin da ba a gane ba ba a rubuta shi da kowane yare.

Mu koma kan yarinyar nan. Ni a wurina ita ce albishir mafi girma a wasiƙarka. Yaro ba ya tambayar "me ya sa" sai yana biye da kai, kuma sai ya ga alamar za a saurare shi. Tambayarta kuma ba ƙarama ba ce, manyan masana lissafi a Turai sun daɗe suna kai-kawo a kan lambobin da ke ƙasa da sifili kafin su natsu da su. A jami'a an koya maka hujjar da ta dace da jami'a, ba a koya maka yadda za ka faɗa wa 'yar aji biyu ba, wannan fanni ne daban. Gobe ka shiga ka ce, ran nan wance ta yi tambaya ban ba ta amsa mai gamsarwa ba, yau ga ta. Rubuta a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: 3 sau −2 ya ba da −6. 2 sau −2 ya ba da −4. 1 sau −2 ya ba da −2. 0 sau −2 ya ba da 0. Tsaya nan ka tambaye su me ke faruwa da amsoshin. Wani zai ce kullum ana ƙara biyu. Sai ka rubuta −1 sau −2, ka miƙa wa yarinyar alli. Da hannunta za ta rubuta 2. Waɗanda suka yi dariya za su ga cewa a ajin nan tambaya ba ta faɗuwa ƙasa. Nan gaba kuma in aka yi maka wadda ba ka shirya mata ba, ka ce tambaya ce mai kyau, ba ni zuwa gobe in kawo muku ita yadda za ta shiga. Sharaɗin kawai goben ta zo. Malaman zaure da suka fi mu sani ba sa jin nauyin cewa Allahu a'alamu, sai mun duba.

Game da masu dariya a baya, kada ka yi wa aji duka faɗa saboda mutum uku, kuma kada ka ɗaga murya. Ci gaba da bayaninka kana takawa har ka tsaya dab da bencinsu. Yawanci ya isa. In bai isa ba, kira sunan mai laifin shi kaɗai, a taƙaice, ka wuce, maganar mai tsawo ku yi ta bayan darasi inda ba 'yan kallo. Wannan na nufin sai ka san sunaye. Yara sama da 200 ba wasa ba ne, amma zana taswirar zama ta kowane aji a bayan littafin tsarin darasinka, ka fara da na baya da na gefen taga. Yaron da ake kira "kai, mai jar hula" ya san a ɓoye yake. Za a samu wanda zai ba ka shawarar ka fasa wa ɗaya jiki da bulala sauran su shiga taitayinsu. Shiru za ka samu, amma irin shirun da ba mai sake tambayarka me ya sa, kuma mutumin da ke cikin fargaba in ya ɗauki bulala ba ya sanin inda hannunsa zai tsaya.

Muryarka kuwa jarinka ce ta wuri biyu, kada ka kashe ta a kan 'yan aji biyu. Ciwon murya ya fi yawa a cikin malamai fiye da sauran ma'aikata, ga ƙurar alli, ga ta hunturu na tafe. Shiga da gorar ruwa. Kada ka yi magana kana fuskantar allo, rubuta ka juyo sannan ka faɗa. Kada ka yi gasar ƙara da aji, ku yi yarjejeniya kan alama ɗaya, ɗaga hannu ko ƙwanƙwasa tebur sau biyu, ka tsaya har a yi tsit. In dashewar ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta sake ka ba, je asibiti a duba maƙogwaron.

Firinsifal da ya wuce ta taga, ina kyautata zaton ya ga abin da ya fi wannan sau ba adadi. Kada ka jira ya kira ka. Nemi wani tsohon malami da yara ke girmamawa ba don tsoro ba, ka roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa sau biyu ko uku. Kada ka kula da abin da yake koyarwa, kula da inda yake tsayawa, da abin da yake yi a minti biyar na farko, da yadda yake karɓar littattafai ba tare da kasuwa ta ci ba. Sannan ka gayyace shi naka. Wanda ya yi NCE shekara uku ya yi ana shirya shi, har da zuwa koyarwar gwaji ana zaune a bayansa ana ba shi maki. Kai an miƙa maka alli ne kawai aka nuna maka ƙofa. In ka ga za ka zauna a aikin, nemi difilomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976 tana yin ta ta hanyar karatu daga nesa, jami'o'i da dama ma suna yi, ga ABU nan a garinku. Da ita ne kuma za ka samu rajista da hukumar TRCN, wadda doka ta ɗora wa tantance malamai.

Akwai wata Frances Fuller ta Jami'ar Texas da ta yi nazarin sababbin malamai a 1969. Ta lura cewa damuwarsu ta farko duk a kan kansu take: ya ake ganina, zan iya riƙe aji, na san amsar kuwa? Sai an jima damuwar ke komawa kan yaran, wa ya gane wa bai gane ba. Sake karanta wasiƙarka. Akwai dariya da firinsifal da tsiyar abokai, wannan matakin farko ne. Amma akwai kuma "fiye da rabi suka faɗi", kuma ka sa shi cikin abin da ke hana ka barci. Na san malaman da rabin aji zai faɗi su ce yaran yanzu ba sa karatu, su juya su yi minshari. Wanda ba a halitta don koyarwa ba, irin wannan ba ya damunsa.

Daren Lahadi kuma, ka gama tsarin darasin Litinin tun ranar Asabar da safe, har da tambayoyin da za ka rubuta a allo, ka rufe littafin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka daina karɓar taron da zai kai ka sha ɗayan dare ranar Lahadi, ka rage shayi mai kauri bayan magariba. Amma in rashin barcin ya bazu zuwa sauran darare, ko abinci ya fita ranka, ko bugun zuciyar na zuwa maka ko a ranar da ba makaranta, ko ka ji komai ya daina yi maka daɗi har da taron da kake so, to wannan ya wuce sabon shiga. Ga likita, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Ana maganinsa, kuma ba hauka ba ne.

Batun ajiye aiki, ban ce har abada ba. Koyarwa ba farilla ba ce a kan kowa, kuma in albashin ne bai riƙe ka, musamman in makarantar kuɗi ce irin masu biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, wannan lissafi ne daban da za ka yi da idonka a buɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke hukunci a zangon farko, da ma'aunin da ka aro daga filin walima. Ba wa kanka wannan zangon da mai zuwa kana gwada abin da na lissafa. A ƙarshensu ka duba abu biyu: faɗuwar gaban na raguwa in darasi ya yi nisa ko tana nan har a tashi, kuma akwai yaran da ka san sun iya wani abu yau da ba su iya ba da ka zo. In duka biyun babu, ka tafi ba tare da jin kunya ba. Sai dai ka sanar da makaranta da wuri, ka bari zango ya ƙare, ka miƙa makin yara da inda ka tsaya a manhaja a rubuce, domin malamin lissafi wuyar samu gare shi, kuma azuzuwa ukun nan na iya yin wata da watanni ba wanda ya shiga musu.